Kada ka toshe wa kanal baki

Yarona, na ga saƙonka. Ka ce kwamfutar Linux ɗin da aka kawo maka ta sandare sau uku cikin mako guda, kowane karo da rubutun "Kernel panic", wato kanal, zuciyar manhajar Linux, ya tsayar da komai, da ambaton ext4, tsarin fayil ɗin da ke tsara bayanai a kan faifan. Ka leƙa fstab, fayil ɗin da ke faɗin yadda za a ɗaure faifai, wato a haɗa shi da tsarin ya fara aiki, ka tarar an sa errors=panic, shi ne kake tambaya ko ka mayar da shi errors=continue ta daina faɗuwa. Ɗauke hannunka tukuna.

Duk abin da kanal ya sani game da faifai, daga bakin tsarin fayil ya ji shi: wane fayil ke zaune a wane gurbi, wane gurbi ne fanko. To ka ɗauka lissafin nan ya rikice, taswira ta ce gurbi kaza babu kowa, alhali takardun mai kwamfutar ne a ciki. Rubutu na gaba a kansu zai sauka. Shi ya sa ext4 ya ba ka zaɓi uku idan ya ga ɓarna: ya yi kamar bai gani ba ya ci gaba, ko ya kulle faifan ya zama sai karatu kawai, ko ya tsayar da komai. Na farkon da kake so shi ne mafi haɗari, domin kwamfutar za ta yi ta aiki lafiya lau a idonka, tana cin kanta ta ciki. Idan kwamfutar mutum ɗaya ce, na biyun, errors=remount-ro, nake sawa, aƙalla ya samu ya kwashe kayansa. Idan saba ce, wato kwamfutar da ke yi wa mutane da yawa hidima, mai 'yar'uwar da za ta karɓi aikinta, wanda ya sa panic ya san abin da yake yi: gara ta faɗi a duba ta, da ta ci gaba da raba wa mutane gurɓataccen bayani.

Amma duk wannan zaɓen yadda za a faɗi ne. Tambayar da ba ka yi ba ita ce me ke lalata tsarin fayil ɗin, tun da ba ya lalacewa haka kawai.

Ka fara da faifan. Ka ba da umarnin smartctl -a, mai nuna rahoton lafiyar faifai, ka dubi lamba 5, da 197, da 198. Ta 5 guraben da suka mutu ne aka musanya su, 197 waɗanda ya kasa karantawa ne yana jira, 198 waɗanda suka ƙi gyaruwa. Idan suna hawa, faifan ya kama hanya, babu umarnin da zai dawo da shi. Idan kuwa 199 ce kaɗai ke ƙaruwa, yawanci wayar SATA ce ko bakinta, ka canza ta kafin ka zargi faifai.

Sai ram, ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, wanda yara ke mantawa. Akwai wata na'ura da ta taɓa sa ni zufa kwana biyu. In yi fsck, umarnin duba tsarin fayil da gyara shi, ta fito tas, in kunna, kafin yamma wata sabuwar ɓarna ta fito a wani wuri daban. Na canza faifai, abin bai canza zani ba. Da na gaji na sa memtest86+, manhajar gwajin ram, ban gama gyara zama ba allon ya cika da ja. Sanda ɗaya ce ta ram take juya bayanai kafin su isa faifai, shi kuwa faifan yana rubuta abin da aka ba shi tsakani da Allah. Tun daga ranar, muddin ɓarna na yawo daga wuri zuwa wuri, ram nake fara tuhuma. Saba mai muhimmanci kuwa, ram mai ECC, mai gano kuskure ya gyara da kansa, ya kamace ta.

Ɗaukewar wuta ma tana ciki, ko da yake ba kamar da ba. Tun da ext3, magabacin ext4, ya shigo a 2001 da littafin da ake rubuta niyya kafin a taɓa ainihin wurin, aka samu sauƙi, kuma ext4 ya gaji wannan. Sai dai a tsarinsa na asali, lissafin gurabe yake karewa, ba abin da ke cikin fayil ba. Ka sa UPS, kuma duk wanda ya ce maka ka kashe shingen rubutu da nobarrier don gudu, ka bar shi da shawararsa.

Yanzu ga aikin da ke gabanka. Kada ka yi fsck a kan faifan da ke ɗaure yana aiki, ka tayar da kwamfutar daga filashi. Kafin gyara, ka kwafi faifan gaba ɗaya da ddrescue zuwa wani mai lafiya, domin fsck tsari yake gyarawa, bai damu da hoton auren kowa ba. Abin da ya rasa gidansa lost+found zai jefa shi, da lamba maimakon suna. Bayan kwafi, e2fsck -n, wato fsck ɗin ext4, wanda kallo kawai yake yi, ka karanta abin da ya ce sannan ka yanke shawara. Idan babban kan tsarin, wato superblock mai riƙe da bayanin tsarin fayil ɗin duka, shi ne ya tafi, akwai kwafinsa: a faifai mai gurbin 4K galibi yana 32768, sai ka nuna masa da -b.

Akwai kuma faɗuwar da ba ta da alaƙa da errors= ko kaɗan. Direban tsarin fayil, wato manhajar da ke sarrafa shi, a cikin kanal yake zaune, to idan ya ci karo da ɓarnar da marubutansa ba su yi tsammani ba, yana iya tuntuɓe ya ja kanal ɗin duka. Syzbot, na'urar Google da ke cusa wa kanal gurɓatattun abubuwa da gangan, tana yawan tono irin waɗannan. Don haka ka riƙa sabunta kanal, ka kuma kashe ɗaure faifai kai tsaye a kwamfutarka ta aiki. Faifan da ba ka san tarihinsa ba, ka buɗe shi cikin kwamfutar gwaji ta QEMU, in ta faɗi ita kaɗai ta faɗi. Kuma ka lura, ko da ro, wato karatu kawai, ka ɗaure ext4 yana iya rubuta abin da ya rage a littafinsa, sai ka haɗa da noload.

A Windows ma labarin ɗaya ne, shuɗin allo mai lamba 0x24 da sunan NTFS, chkdsk a madadin fsck, kwafi kafin gyara.

Ka bar memtest86+ ya kwana yana aiki. Gobe ka zo min da abin da ya nuna, da na smartctl, da layukan da journalctl -k -b -1 ya ajiye kafin faɗuwar ƙarshe. Mai kwamfutar kuma ka kira shi yau ka tambaye shi ko yana da kwafin kayansa a wani wuri.