Kafin injin ya taɓa ƙasa

Jiya a mota ka ce min, "Maigida, tunda mai fili ya biya, safiyo ya nuna wuri, me ya kai mu zaman ƙofar gidan mai unguwa har yini ya tafi injin haƙa burtsatse yana ajiye?" Ban tanka maka ba, domin tambayar ta tuno mini da wani mutum da har yau in na ji sunansa sai abinci ya fita raina. Yanzu ajiye wayar nan ka saurara.

Ku yaran yanzu kun ɗauka haƙa burtsatse shi ne a tayar da kwampireso, ƙura ta tashi, ruwa ya yi tsiri, a ɗauki bidiyo a sa a Facebook. Yadda ake jera kesin, wato bututun da ake zurawa a ramin, inda sikirin mai tace ruwa zai zauna, zuba tsakuwa, wanke rijiya har ruwa ya washe, duk ba zan ɓata yawuna a kansu ba. Wanda ya shekara biyu a bayana bai iya wannan ba, gara ya je ya kama tura kura.

Lokacin da na sayi injina na farko, ko bashinsa ban gama biya ba, wani Alhaji ya kira ni wata sabuwar unguwa a bayan garin Kano, irin gonakin nan da aka yanka filaye. So yake ya yi burtsatse ya riƙa sayar wa 'yan ga-ruwa. Na ce masa mu fara gaisawa da mai unguwa, mu zaga maƙwabta. Ya ce fili nasa, kuɗi nasa, ba ya son 'yan sa-ido. Na ja bakina na yi shiru, don ina bukatar aikin. Da aka zo kan siminti na gaya masa mita shida na sama, tsakanin kesin da bangon rami, sai an cika su da siminti zalla, don kada ruwan sama da ƙazantar tsakar gida su bi jikin bututu su gangara. Buhu huɗu na nema. Ya ce ɗaya zai saya, sauran a cike da ƙasar da injin ya tono, ai duk toshiya ce. Nan ma na yarda. Wannan laifina ne, ban taɓa ɗora wa kowa shi ba.

Muka sami ruwa garai-garai, mai daɗi, ba zartsi. Ya riƙe kashi ɗaya cikin uku na kuɗina, wai sai ya fara ciniki. Rani ya wuce ina zarya, yau ya yi tafiya, gobe yana barci. Da damina ta yi nisa, cikin watan Agusta, sai ruwa ya fara wari. Yara a gidaje uku suka kwanta da amai da gudawa, aka kwana da wata yarinya a asibiti ana ƙara mata ruwa. Ka san inda Alhaji ya kai ƙarata? Gaban mai unguwar nan da ya ce ba ya bukatar gaisuwarsa.

A wannan zaman ne wani dattijo ya ce, ai ruwa ba ya tsami banza. Bayan katangar Alhaji, taku goma daga bakin burtsatsen, akwai tsohuwar rijiyar gona. Ta ƙafe, mai gidan ya ga rami a ɓagas, ya zuba mata murfin kankare ya mayar da ita salga. Duk dattijon da ke wurin ya san da ita, matan unguwa sun san da ita, don wasunsu sun ja guga a cikinta suna 'yan mata. Na'urar safiyo ba ta nuna ta ba, kuma ni ban tambayi kowa ba. Ruwan ƙasa ya taso da damina ya taɓa gindinta, ya kwaso abin da ke ciki, ya tarar da jikin kesin ɗina ba siminti. Shi ke nan.

Alhaji ya miƙe a gaban jama'a ya ce ni na cuce shi, na yi masa aikin ha'inci. Bai ambaci buhu ukun da ya hana ba. Cikon kuɗina ya bi ruwa. Da kuɗin aljihuna na zaro sumo, na cike ramin da siminti tun daga ƙasa har sama, don ba zan bar ƙofar cuta a buɗe ba. Ayyuka biyu da aka riga aka yi mini alkawari, ɗaya ma na masallaci, aka janye. Shekara guda ana nuna ni ana cewa ga mai haƙa ruwan wari. Shi kuwa ya ɗauko wani ya haƙa masa a ɗaya kusurwar, yana ta cinikinsa. Har yau in mun haɗu a wurin jana'iza sai ya miƙo mini hannu. Ina karɓa saboda idon mutane, amma ban yafe ba.

Abin da nake so ya shiga kanka shi ne, kai a fili ɗaya kake haƙa, amma rijiyar daga ƙarƙashin unguwa duka take sha. Mu nan Kano a kan dutse muke zaune. Ka wuce marmara, ka wuce yumɓu, ka shiga ruɓaɓɓen dutse, sannan ka tarar da mai tauri, ruwan yana cikin ruɓaɓɓen da tsagogin da ke ƙasansa. Rairayi yana tace ƙazanta in ta yi tafiya a cikinsa, tsagar dutse kuwa kamar bututu take, abin da ya shiga haka zai fito. Shi ya sa ma'aikatan lafiya suka ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya. To fili nawa ne a unguwannin yanzu yake da mita 30? Tilas awonka ya tsallaka katangar maƙwabci, kuma ba ka shiga gidan mutum da tef sai da yardar mai unguwa. A 2021 amai da gudawa ya kashe mutum fiye da 3,000 a ƙasar nan, Bauchi da Kano da Jigawa suna kan gaba. Mai sana'ar da ya ji wannan bai ji tsoron Allah a kan aikinsa ba, ban san me zai tsorata shi ba.

Kuma ba ƙazanta kaɗai ba. Ina saurayi na yi aiki a Borno, na ga burtsatsen da aka haƙa tun shekarun 1960, ruwa yana fitowa da kansa ba famfo ba inji. Aka bar su suna kwarara dare da rana, ba mai rufewa don ba na kowa ba ne, ƙarfin ya yi ta raguwa har da yawa suka daina tsiri. Nan ma hanyar muka kama. Kowane gida da burtsatsensa, sumo yana ta zuƙa tanki yana ambaliya, rijiyoyin talakawa na guga suna ƙafewa tun kafin bazara. Kududdufan da ke tare ruwan damina ya nutse ƙasa kuma an cike su da shara an yi shaguna. Mutum ɗaya ba zai hana wannan ba, sai unguwa ta tsaya.

Saboda haka in mun zauna, ba gaisuwa kawai muke yi ba. Ina so in ji inda tsofaffin rijiyoyi suke, wa ke shirin haƙa salga ko sokawe, ina mai wankin mota da mai juye baƙin mai suke zubarwa. Ina so liman ya faɗa a masallaci cewa ba a mayar da matacciyar rijiya masai ko bola. In rijiyar da za a haƙa ta jama'a ce, sai an naɗa masu kula da ita, da mata a ciki, don su ne ke fara jin ɗanɗanon ruwa ya sauya. Mai aiki kuma ya faɗi da bakinsa a gaban shaidu cewa zai sayi simintin da na ce. In ya ƙi, in naɗe kayana.

Gobe da sassafe ka ɗauki dogon tef, kai za ka bi yaron mai unguwa gida-gida ka auno mini kowane rami da ke kewaye da wurin. Ka yi sallama, ka jira a ba ka izini, ka cire abin nan daga kunnenka in dattijo yana magana. Wanda ya ce maka ba shi da rami, ka tambayi tsohuwar gidan.