Na jona manhajata da laburaren GPL, dole ne in saki asalin rubutuna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na rubuta manhajar lissafin kaya da nake son sayar wa masu shaguna. A ciki na yi amfani da wani laburare na kyauta (wato shiryayyen rubutun manhaja da wasu manhajoji ke kira don ya yi musu wani aiki) mai lasisin GPL, lasisin da ke wajabta sakin asalin rubutu idan an rarraba manhaja. Ban taɓa ko layi ɗaya na rubutunsa ba, kiransa kawai manhajata take yi. Wani abokina ya ce tunda na jona su, doka na ɗaukar tawa a matsayin reshen laburaren, wato aikin da aka samo daga gare shi, don haka dole in saki asalin rubutuna ga kowa. Haka abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka ba daga kansa ya ƙago maganar ba. Matsayin Free Software Foundation ke nan, gidauniyar da Richard Stallman ya kafa a 1985, wadda ita ta rubuta GPL. A wurinsu, ko ka narkar da laburaren cikin manhajarka tun wajen haɗa ta, ko ka bari sai tana aiki ta ɗauko shi, an samu abu guda, kuma GPL ta hau kansa gaba ɗaya. Sai dai wasu lauyoyi, irin su Lawrence Rosen, sun daɗe suna ja da wannan. Hujjarsu ita ce, wanda ya jona fanka a soket bai sake ƙera soket ba. Idan ba ka kwafi rubutun wani ba, ba ka kuma sauya shi ba, ta ina aikinka ya zama reshen nasa?

Lasisi ba shi ke fayyace abin da ake kira reshe ba, dokar haƙƙin mallaka ce, kuma har yau kotuna ba su raba gardamar jonawa kai tsaye ba. A Amurka, shari'ar Galoob da Nintendo ta 1992 ta nuna cewa na'urar Game Genie, mai sauya yadda wasan bidiyo ke gudana, ba ta haifar da reshe ba, domin ba ta ajiye wani tsayayyen kwafi na wasan ba. A 1998 kuma, a shari'ar Micro Star da FormGen, kotu ta ce sababbin matakan wasan Duke Nukem 3D reshe ne, duk da ba su ɗauke da hotunan wasan. Ka ga alƙalai sun fi duba yadda sabon aiki ya jingina da tsohon, fiye da dabarar da aka bi wajen jonawa. An sa ran ƙarar da Christoph Hellwig, ɗaya daga cikin marubutan manhajar Linux mai lasisin GPL, ya kai kamfanin VMware a birnin Hamburg na Jamus za ta warware batun, amma aka kore ta a 2016 saboda rashin isassun hujjoji kan rubutun da yake nasa, ba a kai ga ainihin tambayar ba.

Abin da ya fi shafarka shi ne, sharuɗɗan GPL suna tashi ne idan ka ba wani manhajar. Da a kwamfutarka kaɗai za ta tsaya, babu wanda zai tambaye ka komai. Amma kai sayarwa za ka yi, kuma kusan tabbas kwafin laburaren zai bi ta zuwa kowane shago. To a nan, ko da an ce taka ba reshe ba ce, kana rarraba dukiyar wani, kuma izinin yin hakan daga lasisinsa kaɗai yake fitowa. Idan ma narkar da shi ka yi cikin fayil guda, kusan babu wata mafaka.

Ni dai ba zan ba ka shawarar gina kasuwancinka a kan gardamar da ba a yanke ba. Wanda ya zaɓi GPL ya san da LGPL, wadda aka yi ta musamman don barin rufaffun manhajoji su jonu da laburare, amma bai ɗauke ta ba. Nufinsa a fili yake, kuma ya cancanci a mutunta shi. Haka aka yi a 1992 lokacin da Stallman ya tuntuɓi Bruno Haible kan amfani da laburaren Readline mai lasisin GPL a cikin manhajarsa ta CLISP: bayan musayar wasiƙu, CLISP ta koma ƙarƙashin GPL.

Koma ka karanta lasisin da kyau tukuna, domin wasu suna ƙara sassauci a kan GPL, kamar yadda OpenJDK ta yi don masu rubutu da Java. Idan babu, nemi madadi: libedit mai lasisin BSD, wanda bai wajabta sakin asalin rubutu ba, na maye gurbin Readline, mahaɗin rumbun bayanai na MariaDB mai LGPL na maye gurbin na MySQL. Wasu masu laburaren kuma suna sayar da lasisin kasuwanci. In kuwa ka zaɓi bin GPL, ba ta hana ka karɓar kuɗi ba. Abin da ta wajabta shi ne ka ba masu sayen asalin rubutun, tare da 'yancin gyarawa da rarrabawa. Kafin ka sa hannu a kwangila da babban ɗan kasuwa, kai wa lauyan haƙƙin mallaka jerin laburaren da ka yi amfani da su da lasisin kowanne.