Masu karɓar bashi sun hana ni sakat

Tambaya: Salam Malam, ni ɗan kasuwar Dole ne a Damagaram, na ci bashin jika 300 na sefa a wani asusu, kasuwa ta tsaya na kasa biya, yanzu kullum kira suke wai za su turo wisiye (ma'aikacin shari'a mai karɓo bashi), na nemi bashi wani banki kuma sun ce sunana ya ɓaci. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka kashe waya don Allah, ɓuya ita ke ƙara tunzura su. Je ka da ƙafarka, su rubuto maka asalin bashin daban, kuɗin jinkiri daban, a kan na jinkirin ake neman ragi. Kar ka yi alkawarin jika 50 a wata alhali 20 kake iyawa, kuma duk yarjejeniya a takarda da sa hannu, kowane biya ka karɓi rasi, maganar baki tana da wuyar tabbatarwa a kotu.

Batun suna kuwa, bankuna da asusai na ƙasashen UEMOA (ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa) suna aika bayanan bashi wurin Creditinfo, kamfanin da ke tattara tarihin bashin mutane, ƙarƙashin kulawar BCEAO, wato babban bankin yankin, can suka gan ka. In ka gama biya karɓi takardar shaida, ka nemi rahotonka ka duba ko sun gyara, amma fa tarihin jinkirin ba ya gogewa nan take.