'Yata Za Ta Zaɓi Darussa a Makaranta: Nata Za Mu Bi ko Na Mahaifinta?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Ina da 'ya mai shekara 13, kuma makarantarsu ta ba su takarda cewa kowane ɗalibi ya zaɓi darussa biyu daga cikin shida, ƙari a kan waɗanda kowa yake yi dole. Darussan su ne kwamfuta, zane-zane, Faransanci, ilimin kasuwanci, aikin gona da ƙarin lissafi. Ita ta kafe a kan zane-zane da Faransanci, mahaifinta kuwa ya ce sai kwamfuta da kasuwanci, domin su ne suke da makoma. Na lura cewa babbar ƙawarta ma Faransanci ta zaɓa. Tun tana firamare takan ce likita take son zama, amma yanzu ta daina faɗa. Saura mako biyu a mayar da takardar. Ina tsoron kada mu bar ta ta yi zaɓin da zai toshe mata hanya, ina kuma tsoron kada mu tilasta mata ta tsani karatu. Ina mafita?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raya mana yarinyar, ya albarkaci karatunta. Duka abubuwa biyun da kike tsoro suna da tushe, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne, kuma na farkon ana iya kawar da shi da ziyara guda zuwa makaranta. Saboda haka da shi zan fara.

Darussan makaranta iri biyu ne idan aka dubi yadda ake koyonsu. Akwai waɗanda suke kamar tsani, wato ba a taka mataki na uku sai an taka na ɗaya da na biyu. Lissafi da harsuna da darussan kimiyya suna cikin wannan rukuni, kuma ɗalibin da ya bar su shekara biyu ko uku yakan sha wahala matuƙa kafin ya cim ma abokansa. Akwai kuma waɗanda ƙofarsu ba ta cika rufewa ba, mutum yana iya shiga yana ɗan shekara 13 ko 18 ko ma 30 ba tare da ya yi babbar asara ba. A cikin shidan da kika lissafa, ƙarin lissafi da Faransanci su ne masu tsani sosai, sauran huɗun kuwa, a matakin da ake koyar da su ga yara masu wannan shekaru, galibi gabatarwa ce kawai. Wannan yana nufin cewa ɗaya daga cikin darussan da 'yarki ta zaɓa da kanta yana cikin waɗanda suka fi wuyar ramawa daga baya, domin harshe yana buƙatar shekaru ana maimaici kafin ya zauna a baki da kunne.

Zuwa da kai ya fi saƙo. Ki je wurin malamin ajinsu ko jami'in da ke ba ɗalibai shawara, ki tambaye shi ko akwai wani darasi cikin shidan nan da ya zama sharaɗin shiga ɓangaren kimiyya ko wani ɓangare a ajujuwan gaba, da ko ana yarda ɗalibi ya sauya darasi bayan zangon farko, da kuma ko sakamakon waɗannan darussa yana shiga takardar shaidar kammalawa. Ki nemi ganin manhajar kowane darasi, domin suna ba shi ne abin da ke ciki ba: a wata makarantar darasin kwamfuta koyon rubuta manhajoji ne da warware matsala, a wata kuma haddace sunayen sassan na'ura ne daga allo. Haka nan ki tambayi wanda zai koyar, da yawan ɗaliban da ke ajin, da ko akwai kayan aiki. Idan aka ce miki babu wani darasi da ya zama sharaɗi, to tsoronki na farko ya kau, abin da ya rage shi ne na biyu.

Muhawarar da ke tsakanin 'yarki da mahaifinta tsohuwa ce a fagen ilimi. Charles Eliot, wanda ya shugabanci Jami'ar Harvard ta Amurka daga 1869 zuwa 1909, ya sakar wa ɗalibai mara har kusan dukkan darussansu suka koma na zaɓi, bisa hujjar cewa mutum ya fi ƙwazo a abin da ya ɗauka da kansa. Magajinsa, Abbott Lawrence Lowell, ya lura cewa ɗalibai da dama suna tsintar darussa masu sauƙi nan da can ba tare da sun zurfafa a komai ba, sai ya kawo tsarin da ya wajabta wa ɗalibi ya zurfafa a fanni ɗaya kuma ya ɗan taɓa sauran fannonin. Idan matasan jami'a sun buƙaci zaɓi mai shinge, yarinya mai shekara 13 ta fi buƙatarsa. Amma shinge daban, ɗaure ƙafa daban. Ƙasashe ma sun sha bamban a kan lokacin da ya dace a raba wa yara hanya: a yawancin jihohin Jamus ana raba su zuwa makarantu daban-daban suna da kimanin shekara 10, a Ingila suna zaɓen darussan jarrabawarsu suna da shekara 13 zuwa 14, ita kuwa Finlan, tun bayan gyaran da ta fara a 1972, tana riƙe yara a makaranta iri ɗaya tsawon shekara 9, har su kai kimanin shekara 16. Masana tattalin arziki biyu, Eric Hanushek da Ludger Woessmann, sun kwatanta sakamakon ƙasashe da dama a binciken da suka wallafa a 2006, suka gano cewa raba yara da wuri yana faɗaɗa giɓin da ke tsakanin masu ƙoƙari da masu rauni. Zaɓen darasi biyu bai kai wannan rabuwa girma ba, amma darasin da na ɗauka daga nan shi ne kada iyaye su mayar da ƙaramin zaɓi ya zama hukuncin ƙarshe a kan makomar yaro.

Abin da ya fi jan hankalina a wasiƙarki shi ne jimlar da kika faɗa a taƙaice, cewa ta daina maganar zama likita. Masaniyar halayyar ɗan Adam Linda Gottfredson ta bayyana a 1981 cewa yara ba sa fara zaɓen sana'a ta hanyar ɗauka, suna farawa ne ta hanyar zubarwa. Tsakanin shekara 6 zuwa 8 sukan cire ayyukan da suke ganin ba na jinsinsu ba ne, tsakanin 9 zuwa 13 kuma sukan cire waɗanda suke ganin sun yi ƙasa da darajarsu, tare da waɗanda suke ganin sun fi ƙarfin ƙwaƙwalwarsu, kuma duk wannan yana faruwa a zuci ba tare da kowa ya sani ba. 'Yarki tana daidai ƙarshen wannan mataki. Mai yiwuwa ne sha'awarta ta sauya, wanda ba laifi ba ne ko kaɗan. Mai yiwuwa kuma ta faɗi wata jarrabawar lissafi, ko wani ya yi mata wata magana a aji, sai ta yanke wa kanta hukuncin cewa kimiyya ba tata ba ce. Waɗannan abubuwa biyu a waje kamanninsu ɗaya, amma maganinsu ya bambanta, domin na farkon girmamawa yake buƙata, na biyun kuwa taimako da ƙarfafa guiwa. Ki zauna da ita ku biyu, a lokacin da ba a maganar takardar, ki tambaye ta cikin natsuwa me ya sa ta bar wancan burin, sannan ki yi shiru ki saurara har ta gama. Yarinyar da ta gudu daga lissafi saboda tsoro bai kamata a bar ta ta ɓuya a bayan zane-zane ba, kamar yadda wadda ta sami abin da ranta yake so a zane bai kamata a zarge ta da gudun wahala ba.

Game da ƙawarta, kada ki ɗauki abin a matsayin aibu kai tsaye. Suzanne Hidi da Ann Renninger sun nuna a 2006 cewa sha'awa tana girma ne a matakai huɗu: wani abu daga waje ya kunna ta, sannan ta sami abin da zai riƙe ta na ɗan lokaci, sannan ta fara zama ta mutum shi kansa, daga ƙarshe ta kafu. Matakin farko kusan kullum daga waje yake zuwa, ko daga malami mai iya koyarwa, ko daga aboki, ko daga wani abu da yaro ya gani. Abin dubawa shi ne ko sha'awar ta wuce nan. Shin takan ɗauki fensir ta yi zane ba tare da an sa ta ba? Idan zanen ya ƙi yin kyau, takan yaga ta tashi ne, ko takan sake gwadawa? Takan tambayi ma'anar kalmomin Faransanci da ta ci karo da su? Akwai kuma tambaya guda da nakan yi wa ɗalibai, wadda amsarta takan bayyana gaskiya nan take: idan ƙawarki ta sauya zuwa wani ajin gobe, ke za ki zauna ko za ki bi ta?

Mahaifinta yana da gaskiya a kan cewa sanin kwamfuta ya zama wajibi ga kusan kowace sana'a, kuma damuwarsa ta uba ce mai son ganin 'yarsa ta tsaya da ƙafafunta. Inda na saɓa da shi, cikin girmamawa, wuri biyu ne. Na ɗaya, yarinyar nan ba za ta shiga neman aiki ba sai nan da kimanin shekara 10, kuma manhajojin da za a koya mata yau da yawansu za su tsufa kafin lokacin, alhali iya harshe na biyu, da ido mai lura, da haƙurin zama a kan aiki har ya kammala, ba sa tsufa. Na biyu, kwamfuta tana cikin abubuwan da aka fi samun hanyar koyonsu a wajen aji, a lokacin hutu ko a gida, saɓanin harshe da ke buƙatar malami da abokan magana a kai a kai. Zane kuma ba wasa ba ne kamar yadda wasu iyaye suke ɗauka. Shi ne harsashin aikin masu tsara gine-gine da masu tsara tufafi da masu tsara fuskar manhajojin kwamfutar ita kanta, kuma ɗalibin likitanci ma yana amfana da hannun da ya iya zana abin da ido ya gani.

Sai batun tilastawa. Edward Deci da Richard Ryan na Jami'ar Rochester sun shafe shekaru da dama suna nazarin abin da ke sa mutum ya dage a kan aiki, kuma matsayar da suka tattara a 1985 suka ci gaba da faɗaɗawa ita ce ɗan Adam yana buƙatar ya ji yana da hannu a abin da yake yi, ya ji yana iyawa, ya kuma ji yana tare da mutanen da suka damu da shi. Yaron da aka ɗora wa darasi yakan yi abin da zai fisshe shi kawai, idan kuma ya faɗi sai ya ce ai ba shi ya zaɓa ba. Wanda ya zaɓa da kansa yakan ji nauyin abin a wuyansa. Wannan ne kusan karo na farko da makaranta take tambayar 'yarki ra'ayinta a kan karatunta, kuma koyon yadda ake auna abu biyu a ɗauki ɗaya, a kuma jure sakamakonsa, yana cikin manufar darussan zaɓi tun asali.

Ga shawarata a fili. Idan makaranta ta ce ƙarin lissafi sharaɗi ne na shiga ɓangaren kimiyya, kuma kika fahimci cewa burin likitancin bai mutu ba, tsoro ne kawai ya danne shi, to ku iyaye ku tsaya a kan ƙarin lissafi, ku bayyana mata dalili dalla-dalla, ku nema mata taimako a inda take da rauni, sannan ku bar mata gurbi na biyu ta cika shi da zane ko Faransanci yadda ta ga dama. Idan kuwa ba sharaɗi ba ne, ku bar ta ta ɗauki biyun da take so, a kan alkawarin cewa za ta koyi kwamfuta a lokacin hutu, wanda zai biya buƙatar mahaifinta. A kowane hali ku yi yarjejeniya da ita cewa za ku sake zama a ƙarshen zangon farko. A wannan zaman kada makin gwajin farko ya zama ma'auninku kaɗai, domin sabon darasi yakan fara da tuntuɓe, kuma sai an gwada akan san na ƙwarai. Ku dubi ko tana yin aikin gida ba tare da an bi ta ba, da ko tana kawo labarin ajin gida, da ko sauran darussanta na dole ba su ja baya ba.

Kafin duk wannan, ki fara tattaunawa da maigidan ku biyu kaɗai, ki nuna masa amsoshin da kika samo daga makaranta, domin kada yarinyar ta tsinci kanta tana zaɓe tsakanin uwa da uba maimakon tsakanin darasi da darasi. Idan kun daidaita, ku kira ta ku ji hujjojinta, ku ba ta kwana biyu ko uku ta sake tunani, sannan ita da hannunta ta cike takardar, ku kuma ku sa hannu a ƙasa.