Amsa ga ƙanenmu mai son karatun injiniyancin girgizar ƙasa

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun jiya, inda ka ce ka gama digirin farko a injiniyancin gine-gine, ka samu gurbin digiri na biyu a fannin girgizar ƙasa, amma 'yan uwa suna ce maka ɓata lokaci ne tunda ƙasarmu ba ta girgiza. Ka kuma tambayi me masu hasashen motsin ƙasa ke yi a zahiri, kuma ko mutum zai iya ƙare rayuwarsa a wannan bincike. Ni a Turkiyya na yi wannan karatu, na kuma yi shekaru ina aikin tace bayanan na'urorin auna girgiza, don haka bari in gaya maka abin da na gani.

Da farko ka cire wani tunani daga ranka. Ba a hasashen ranar da ƙasa za ta girgiza, babu masanin da ya iya wannan. Tambayar da muke amsawa ita ce: idan girgiza mai girma kaza ta auku a nisan kilomita kaza, da wane ƙarfi ƙasar da ke ƙarƙashin wannan gini za ta motsa? Da wannan amsar injiniya ke sanin yawan rodin da zai sa a ginshiƙi da irin harsashin da zai haƙa. Lissafin yana cin abubuwa uku: girman girgizar, nisanta da wurin, da irin ƙasar wurin, dutse ce ko laka. Na ukun ake rainawa, kuma shi ke kashe mutane. A 1985 girgizar da ta rusa tsakiyar birnin Meksiko ta taso ne daga gaɓar teku, kimanin kilomita 350 daga birnin. Amma an gina birnin a kan lakar tsohon tafki, lakar ta riƙa lilo kusan sau ɗaya duk daƙiƙa 2, wanda ya yi daidai da lilon benaye masu hawa 6 zuwa 15. Su suka fi zubewa, ƙananan gidaje a gefensu suna tsaye.

Game da ko mutum zai iya ƙare rayuwarsa a nan, mutumin da nake so ka sani shi ne Nicholas Ambraseys. Ɗan ƙasar Girka ne, an haife shi a 1929, ya rasu a ƙarshen 2012. Ya yi karatu a Atina, ya tafi Kwalejin Imperial da ke Landan ya yi digirin digirgir a 1958 a kan yadda madatsun ruwa da aka gina da ƙasa ke jure girgiza, ya zauna a can har ya zama farfesa a 1974. Ka lura ta ƙofar ilimin ƙasa da laka ya shigo, irin wanda kai ma ka taɓa a aji uku. Bayan girgizar birnin Skopje na tsohuwar Yugoslabiya ta 1963 ya riƙa zuwa wuraren da bala'i ya faɗa, sau da yawa da sunan UNESCO, hukumar ilimi da kimiyya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a Turkiyya da Iran da sauransu, yana bin tsagewar ƙasa da ƙafa, yana auna ta, yana duba wane gini ya faɗi wane ya tsaya.

Abin da ya fi burge ni a aikinsa shi ne inda ya je neman bayanai. Na'urar da ke ɗaukar motsi mai ƙarfi ba ta daɗe ba. Rikodin farko an same shi ne a 1933 a Long Beach ta Kalifoniya, sai shahararren na garin El Centro, shi ma a Kalifoniya, a 1940, wanda injiniyoyin duniya suka yi shekaru da yawa suna gwada zanen gininsu da shi domin yana cikin 'yan kaɗan da ake da su. To amma tsagewar da ke haifar da babbar girgiza tana iya yin shekara 500 ko 1000 tana shiru. Ta yaya rikodin shekaru kaɗan zai gaya maka halinta? Sai Ambraseys ya koma ga tsofaffin littattafai: tarihin Larabawa da Farisawa da Rumawa, takardun daular Usmaniyya, wasiƙun matafiya da 'yan kasuwa. Cikin abin da ya fara amfani da shi har da littafin da Imam Jalaluddin Suyuɗi ya tara girgizar ƙasar da ta auku a ƙasashen Musulmi, wato malamin nan da muke karanta tafsirinsa a zaure. Ranar da na fara ganin sunan Suyuɗi a takardar binciken injiniyanci, na daɗe ina kallon shafin. Tare da masanin tarihi Charles Melville ya fitar da tarihin girgizar ƙasar Farisa a 1982, kuma a 2009, yana da shekara 80, ya fitar da babban kundinsa na yankin Bahar Rum da Gabas ta Tsakiya.

Kuma ba kwafa kawai yake yi ba. Yakan gano cewa girgiza ɗaya an rubuta ta sau biyu domin wani ya yi amfani da shekarar Hijira wani ta Miladiyya, ko an jingina ta ga garin da ba shi ba saboda sunaye sun yi kama, ko ma ba ta auku ba sam, marubuci ne ya kwafi kuskuren na gabansa. Aiki ne irin na masu tantance ruwaya. Daga nan ne shi da ɗalibansa suka tara rikodin na'urorin Turai da Gabas ta Tsakiya, suka fitar da lissafin hasashen motsi na yankin a 1996, suka sabunta shi a 2005.

Yanzu ga abin da malamai ba sa faɗa da wuri. Duk lissafin nan, ko na Ambraseys ko na Joyner da Boore na Amurka da suka fitar a 1981, matsakaici yake ba ka. Girgiza biyu masu girma ɗaya, a nisa ɗaya, a ƙasa iri ɗaya, ɗaya tana iya ninka abin da lissafi ya ce, ɗaya ta tsaya a rabinsa. Wannan warwatsuwar ake kira sigma, kuma duk da dubban rikodin da aka ƙara samu ba ta ragu sosai ba. Rabin aikin mai bincike a yau a kanta yake. Idan aka zo lissafin haɗari ta hanyar da injiniyan Amurka Allin Cornell ya shimfiɗa a 1968, aka ce a tsara gini don motsin da ke da yiwuwar kashi 10 cikin 100 a shekara 50, wato wanda kan dawo kimanin duk shekara 475, sigma ce ke ɗaga adadin ko ta sauke shi.

Ni kaina na taɓa yin kuskure a nan. An ba ni aikin ƙiyasin haɗari na wani wuri a Afirka ta Yamma, na ɗauko lissafin da aka gina da rikodin Kalifoniya na sa. Malamina ya duba ya tambaye ni wane irin dutse ne ƙarƙashin wurin. Dutsen Kalifoniya a farfashe yake, yana shanye girgiza da sauri. Namu tsoho ne, dunƙulalle, girgiza tana tafiya a cikinsa da nisa ba ta mutu ba, kamar yadda girgiza mai maki 5.8 ta jihar Virginia a 2011 aka ji ta har Kanada. Sakamakona ya nuna haɗarin wurare masu nisa ƙasa da yadda yake a zahiri. Sai da na sake aikin wata biyu daga tushe, kuma na gode Allah da aka kama shi kafin ya shiga zanen kowa.

Su kuma masu cewa ƙasarmu ba ta girgiza, gaskiya ne ba mu kan bakin manyan farantan ƙasa, wato inda manyan ɓangarorin ɓawon duniya ke gogar juna, kamar Turkiyya, inda girgizar 6 ga Fabrairun 2023 mai maki 7.8 ta kashe sama da mutum 50,000. Amma Akra, babban birnin Gana, ta girgiza a 1862 da kuma 1939, an yi asarar rayuka. A Disambar 1983 girgiza ta kashe ɗaruruwan mutane a arewa maso yammacin Gini, wurin da babu wanda ya sa wa ido. A gida an ji motsi a Ijebu-Ode a 1984, a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, a Mpape ta Abuja a Satumbar 2018. Ambraseys da abokin aikinsa Adams sun rubuta bincike a kan girgizar Afirka ta Yamma a 1986, kuma har yau ana komawa gare shi domin ba a yi da yawa bayansa ba. Muna da cibiyar bincike a Toro ta jihar Bauchi mai kula da tashoshin auna girgiza, amma tashoshin kaɗan ne ga ƙasa mai faɗin tamu, alhali muna da madatsun Kainji da Shiroro da Tiga, ga dogayen benaye ana ta ɗagawa a kan yashin da aka cike teku da shi a Legas.

Shawarata ka karɓi gurbin. Ba zan ɓoye maka ba, aikin albashi mai sunan girgizar ƙasa kaɗan ne a gida, amma wanda ya iya lissafin motsin gini da halin ƙasa ba ya rasa aiki a madatsu da gadoji da harsashin injinan masana'antu. Kafin ka tafi ka ƙarfafa lissafin yiwuwa da ƙididdiga, ka koyi harshen kwamfuta na Python, ka sake bitar darasin ƙasa da laka. Idan kana da Larabci ko kana karanta ajami, kada ka bar su a gida. In ka zo zaɓen batun bincike, ka tambayi malaminka ko zai yarda ka tattara duk labarin motsin ƙasa da ke cikin tsofaffin jaridu da takardun ma'ajiyar tarihi ta Kaduna da rubuce-rubucen malamanmu, ka tantance su ɗaya bayan ɗaya da kwanan wata da wuri. Allah ya ba da sa'a.