Abin da ya sa arba'in ke cika a zangon Kumasi

Ɗana, ka tambaya ko mun ari al'adar Asantawa ne, tunda ka ga arba'in ɗinmu da rumfuna da lasifika da mata cikin anko. Akwai aro, ba zan ɓoye maka ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Su suna ajiye gawa a mutuware makonni, wani lokaci watanni, sai dangi sun hallara a yi jana'iza ran Asabar cikin jan kaya da baƙi, ana shelanta gudummawar kowa. Rumfa da lasifika a wajensu muka gani. Ajiye gawa kam ba mu yi. Wanda ya cika da asuba, kafin la'asar an kai shi maƙabartar Tafo.

To a nan wahalar take. Ku a Kano, kafin a gama wanka dangi sun cika ƙofar gida. Mu namu a warwatse suke. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Firaminista Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, aka raba wa da ƙane, wasu suka koma ƙasar da ko a mafarki ba su san ta ba. A 1983 Najeriya ta kori nata baƙin, aka sake tarwatsewa. Wanda zai taso daga Kano ta Legas sai ya ƙetare iyaka uku, daga Seme har Aflao. Ina zai sami jana'iza? Ko sadakar uku da wuya. Arba'in ce ranar da za a iya sa wa na nesa ya shirya kuɗin mota, shi ya sa take ɗauke da nauyin da ku kuke saukewa a kwana ukun farko.

Wannan nisan ne kuma ya koya mana saurin neman gafara. Da zarar tsoho ya daina karɓar koko, likita ya ce a kai shi gida, ba ma jiran sai harshe ya karye. Babbar 'yarsa za ta zauna a bakin katifa, ta kara masa waya a kunne, a bi dangi ɗaya bayan ɗaya: na Katsina, na Ikko, na Yamai. Za ka ji murya na rawa daga can, "Yaya, ka yafe mini," shi kuma ya ce, "Na yafe duniya da lahira." Sai a tambaye shi bashi, wanda yake bi da wanda ake bin sa, yaro ya rubuta. Iyayenmu da yawa sun mutu da gaba a tsakaninsu da 'yan'uwan da wasiƙa ba ta riske su ba, kuma mun ga yadda abin ya ci waɗanda suka rage.

Ankon dai ni ma ba na so, wasu malamanmu ma arba'in ɗin gaba ɗaya suke suka. Abin haushi ne mutum ya kasa aiko kuɗin magani wata shida, ya zo ya yanka bijimi ran sadaka.

Gwaggonka ta Aboabo ƙafafunta sun kumbura, ba ta fita yanzu. Ka kira ta bayan kun yi isha'i, agogonku na gaban namu da awa ɗaya, za ka same ta ba ta kwanta ba.