Ƙwallon unguwa a Hamburg, amsa ga Yaya

Yaya barka da warhaka, ya iyali, ya zafin Kano. Na saurari saƙon muryarka har ƙarshe, harda wajen da ka ce wai mutum ya kwashi mata da yara daga Landan ya tafi Jamus kallon ƙungiyar da ko a gidan kallo ba a san sunanta ba, da ma Arsenal ce da sauƙi. To bari in maka bayani.

Ƙungiyar unguwarmu sunanta Dulwich Hamlet, filinta Champion Hill, daga unguwar Peckham a nan Landan da ƙafa ma za ka je. Kalarsu ruwan hoda da shuɗi, eh na sani, yi dariyarka. An kafa ta 1893, a Hamburg kuma akwai Altona 93 da aka kafa a wannan shekarar, sun taɓa karawa tun 1925, yanzu magoya bayansu zumunci suke, su zo mu je. Shi ya sa da yara suka samu hutu muka ce Hamburg. Kuma tunda ka ambaci Arsenal, tikitinsu ko da kuɗinka sai kana da rajista da su kuma ka yi sa'a, mu nan a bakin ƙofa kake biya ka shige, na yara kuɗi kaɗan. Ku da kuke faɗa kan Barcelona da Madrid har a daina gaisawa, yaushe rabonka da shiga filin Sani Abacha ka ce Sai Masu Gida?

Garin kam mun zaga. Speicherstadt, tsofaffin sito na jan bulo a kan ruwa, a ciki akwai Miniatur Wunderland inda aka ƙera duniya ƙanana da jiragen ƙasa, har jirgin sama yana tashi, autarmu sai da aka janye ta tana kuka. Mun sauka ramin da aka haƙa ƙarƙashin kogin Elbe aka buɗe a 1911 muka tsallaka da ƙafa, mun hau jirgin ruwa lamba 62 da tikitin bas ɗinmu. Abinci ba matsala, titin Steindamm kusa da babbar tasha cike yake da shagunan Turkawa da Larabawa da masallatai, kuma garin akwai 'yan Ghana sosai, a masallaci na ji Hausar zango a bayana, muka tsaya gaisawa har uwargida ta gaji da jira.

Filin Altona tsoho ne tun 1908, sunan ɗan wasansu Adolf Jäger aka sa masa. Yawanci a tsaye ake kallo, matakalan duk ciyawa ta fito, kana jin numfashin mai jefa ƙwallo daga gefe, kana jin koci yana zage-zage da Jamusanci. Wani tsoho ya ga gyalen ruwan hoda a wuyan babban ɗana, ya cire nasa mai baƙi da fari da ja ya ce su yi musaya, ba wanda ya ji yaren wani. Mun kuma leƙa wata ƙungiyar garin, Victoria, a filin Hoheluft, wannan wasan dai ba daɗi, ruwa kawai muka sha.

Giya akwai, a Jamus har a wajen kallo ake riƙe da kofi, sosej ɗin alade ma ana gasawa. Mu biredi da kifi muka saya, muka haɗa azahar da la'asar kasaru kafin mu fita. Yaran sun san abin da ba namu ba tun suna firamare, ba sai an ɓoye musu duniya ba.

Abin da ya ɗan sosa min rai shi ne da ka ce ai aikin Baturiya ne, ita ta ja ni. Yaya baiwar Allah nan ƙwallo bai dame ta ba, littafi take ɗauka. Marigayi Baba ne ya fara kai ni Champion Hill, ƙanin mahaifinka, da zanna bukar a kansa da ƙatuwar kwat, fulas ɗin shayi a hammata, goro a aljihu yana gutsura yana miƙa wa Turawan gefensa, su tauna su yamutsa fuska. Shi ma ya daina zama Bahaushe kenan? Ita kuwa shekara nawa tana azumi da mu, miyar kukarta Hajiya da kanta ta yaba, amma har yau in an tashi sai a ce matar nan tasa.

Hausar yara ta karye, wannan gaskiya ne, ta tsakiyar har yanzu "ina kwana" take cewa da yamma. Amma duk zuwan da muka yi gida dariya ake musu ana kwaikwayonsu a gabansu, sai su kama bakinsu su koma Turanci, sannan a ce ba sa jin Hausa. Kuɗin jirginmu mu duka zuwa Kano ya ninka na Hamburg ba sau ɗaya ba, ban da tsaraba, ka san jerin da ake turowa. Muna tarawa dai, babbar sallah in Allah ya yarda, kuma in Pillars na da wasa a gida kai za ka kai mu, harda 'yan matan. A gaida Hajiya da su Anti.